Warin bodarin Amurka: me ke cikinsa, kuma mutum zai iya haɗa irinsa?

Bala_Ningi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana sinadarai na wannan zaure. Akwai dabbar nan ta Amurka, baƙa mai farin zane a gadon baya, wadda suke kira sikonk, mai fesa ruwa mai wari idan an takura mata. An ce manyan namun daji ma kauce mata suke yi. Wane sinadari ne a cikin ruwan nan? Kuma mutum zai iya haɗa irinsa? Dalilin tambayata birai ne. Gonata a gindin dutse take, masara da gyaɗa, yaran da suka saba tsaron biri kuma yanzu duk suna makaranta. Na ce in akwai abin da zan shafa a tsumma in rataya a gefen gona, da na huta.

Ɗan_Columbus
Wa alaikumus salam Malam Bala. Ni ba masani ba ne, direban babbar mota ne a Ohio, amma warin nan na san shi. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris lokacin barbararsu ne, mazan suna yawon dare suna tsallaka titi, motoci na take su. Ka zo wucewa gilashi a rufe, amma warin sai ya shigo ya zauna maka a mota. Ba warin mushe ba ne, ba kuma na bayan gida ba. Sai ka ce an ƙona taya an zuba ɗanyar tafarnuwa a kai. In kusa ne ido har hawaye yake, wasu har amai. Ka yi tunani da kyau kafin ka kai wannan abu inda kake noma abincin iyalinka.

Ɗalibin_Samaru
Butil makaftan ne. Haka yake a littafin da muka yi amfani da shi a aji biyu.

Dakta_Asabe
Ɗalibin_Samaru, wannan magana ta daɗe tana yawo a littattafai, amma an gyara ta. Thomas Aldrich ne ya faɗe ta a 1896, a Jami'ar Johns Hopkins, kuma da kayan aikin zamaninsa ya yi ƙoƙari ƙwarai, don bai yi nisa da gaskiya ba. Masu rubuta littafi suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara 80. Sai a 1975 Kenneth Andersen da David Bernstein na Jami'ar New Hampshire suka sake dubawa, suka tarar ba shi ba ne, 'yan uwansa ne na kusa. A 1990 kuma William Wood na Jami'ar Humboldt da ke Kalifoniya ya ƙara tsefe ruwan, ya fitar da manyan sinadarai bakwai.

Malam Bala, bari in taso daga tushe. Dangin sinadaran ana kiransu tayol, wasu su ce makaftan, kuma sirrinsu farar wuta ce. Ruwan sha oksijin ɗaya ne da haidirojin biyu. In aka cire oksijin ɗin aka sa farar wuta a gurbinsa, abin da zai fito shi ne iskar ruɓaɓɓen ƙwai. Haka itanol, wato sifirit ɗin da ake goge wurin allura da shi: sauya oksijin ɗinsa da farar wuta, ka sami tayol. Wannan 'yar musanya tana canza komai. Itanol sai ya kai digiri 78 yake tafasa, tayol ɗinsa kuwa a digiri 35, wato ranar bazara ta Ningi ta isa ta tafasa shi. Ƙwayoyinsu ba sa riƙe juna da ƙarfi, shi ya sa suke saurin tashi su bi iska.

A ruwan mai zanen nan, mafi yawa shi ne 2-butin-1-tayol, kusan kashi 40 cikin 100, sai 3-metil-1-butantayol, kashi 20 da ɗoriya. Waɗannan biyun su ne ke dukan hanci. Akwai na uku mai nauyi, 2-kwinolinmetantayol, wanda ba ya saurin tashi. Sauran kuma akwai wasu ɓoyayyu da zan yi maganarsu in an zo wurin.

Abin da ya fi ba ni mamaki ba sinadarin ba ne, hancin ɗan Adam ne. Muna jin warin nan ko da kashi 10 ne cikin biliyan na iska. Eric Block da Hiroaki Matsunami da Hanyi Zhuang sun nuna, a ɓera a 2012 sannan a mutum a 2016, cewa wasu ƙwayoyin jin wari da ke cikin hanci suna amfani da jan ƙarfe wajen kama tayol. Farar wuta tana son manne wa ƙarfe, shi ya sa ma azurfa take baƙi in ta daɗe a ajiye. Allah ya sanya mana wannan ne don ruɓaɓɓen nama da gurɓatacciyar iska duk farar wuta suke fitarwa.

Ɗalibin_Samaru
Na gode Dakta. To me ya bambanta butil makaftan da na farkon da kika ambata, tunda duk kabon huɗu ne?

Dakta_Asabe
Ɗauri biyu ne a tsakanin kabon na biyu da na uku, don haka ya gaza da haidirojin biyu. Zana su a takarda za ka gani.

Bagobiri_Maraɗi
Ni mamaki ya kama ni da anka tafi har Amurka neman abin da muke da shi bayan gari. Ai bodari ne. Mahaifina maharbi ne, Allah ya jiƙan shi, tun muna yara munka san dabbar nan. Baƙi ne da fararen zane huɗu daga kai har wutsiya, bai kai mussa girma ba. Dare yake fita, yana cin ɓeraye da ƙwari da ƙwan tsuntsu. In kare ya matsa mishi sai ya bushe gashi, ya ɗaga wutsiya, ya juyo da baya. In abin ya yi tsanani sai ya kwanta kamar matacce. Karen da ya taɓa shan feshin bodari, ko an tura shi ba ya komawa. Tsofaffinmu ba su kashe shi banza, cewa suke yana rage ɓeran rumbu.

Likitan_Dabbobi
Baba Bagobiri, bayaninka daidai yake da abin da ke littattafanmu, har kwanciyar mutuwar ƙaryar. Sai dai ba dabba ɗaya ba ce. Bodarinmu sunansa na kimiyya Ictonyx striatus, dangin dage ne. Na Amurka Mephitis mephitis ne. Da can an haɗa su gida ɗaya, sai a 1997 Jerry Dragoo da Rodney Honeycutt suka nuna da binciken ƙwayar halitta cewa na Amurka danginsu daban, kuma 'yan uwansu na kusa suna tsibiran Indonesiya da Filifin. Kowanne a nahiyarsa ya sami makami iri ɗaya da riga iri ɗaya. Baƙi da farin nan gargaɗi ne ga mai farautar dare, don ya gane shi daga nesa.

Ruwan yana cikin 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura, kowace da ɗan bututu da tsokar da ke matsa ta. Na Amurka yana iya saita fuska daga kamar mita uku. Abin da ke ciki na feshi biyar ko shida ne, in ya ƙare kuma yakan ɗauki har kwana goma kafin ya cika. Shi ya sa ba ya ɓarnarsa, sai ya buga ƙafa a ƙasa ya ɗaga wutsiya tukuna. Akwai wani ƙaramin sikonk mai ɗige-ɗige da har tsayuwa yake yi a kan ƙafafun gaba. Babban maƙiyinsa wata ƙatuwar mujiya ce mai gashi kamar ƙaho, ita daga sama take faɗo masa, warin kuma bai dame ta ba.

Ummu_Turare
Dakta, ni sana'ata humra da turaren wuta. Jibda ma daga irin wurin nan take fitowa a jikin dabba, kuma ɗanyarta ba ta shaƙuwa, amma in aka sa ɗan kaɗan a haɗi sai ta riƙe ƙamshi ya daɗe a tufa. Ita ma wannan tayol ɗin ce?

Dakta_Asabe
A'a Hajiya, jibda babu farar wuta a babban sinadarinta. Sunansa sibeton, zobe ne na kabon 17, Leopold Ruzicka ya gano tsarinsa a 1926. Nauyinsa ne ke hana shi saurin tashi, shi ya sa yake riƙe miki turare. Amma abin da kika lura da shi, cewa yawa ne ke raba wari da ƙamshi, ya shafi tayol ma. Ƙamshin gahawa da aka soya, babban jigonsa wani tayol ne. In aka tara shi a kwalba ba mai iya tsayawa kusa, amma ɗan mitsitsin da ke cikin kofi shi ne mutane ke so.

Maman_Ilham
Mu a Minnesota maƙwabciyarmu karenta ya gamu da shi a bayan gida da magariba. Ta yi masa wanka da ruwan tumatir, gwangwani a kan gwangwani, don haka aka saba faɗa a nan. Ita ta ce warin ya tafi, ni da na leƙa ta katanga na ji yana nan daram. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, bayan an daɗe har an manta, ran da aka yi ruwan sama karen ya jiƙe, sai warin ya dawo sabo. Har shanyata sai da na kwashe. Dakta me ke kawo haka?

Dakta_Asabe
Maman_Ilham, kin kawo mu wurin ɓoyayyun da na ce. Suna cikin bakwai ɗin da Wood ya fitar a 1990, ana kiransu tayo'asitet. Kowane tayol daga cikin ukun nan yana da abokinsa wanda aka toshe masa bakin farar wutar da wani gutsure na asid ɗin da ke cikin binega. Muddin toshiyar tana nan, warinsa kaɗan ne, kuma yana laɓe a cikin gashi. Ruwa ne ke cire toshiyar a hankali, sai sabon tayol ya fito. Wato dabbar ta fesa na yanzu, ta kuma bar na ajiya. Ƙaramin mai ɗige-ɗigen da Likita ya ambata ba shi da waɗannan na ajiyar.

Tumatir ba ya yin komai. Hancin maƙwabciyarki ne ya gaji, ya daina kai saƙon warin, sai ƙamshin tumatir ya rufe. Ke da kika zo da hutaccen hanci kin ji gaskiya.

Maganin da ke aiki wani masanin sinadarai ne a Illinois, Paul Krebaum, ya fitar da shi a 1993. Haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3, irin na wanke ciwo, kamar lita ɗaya, da bekin soda rubu'in kofi, da ƙaramin cokali na sabulun ruwa. Sabulu yana narkar da maiƙon, don ruwan dabbar mai ne, ruwa zalla ba ya ɗauke shi. Soda tana gaggauta cire toshiyar nan, feroksaid kuma ya ɗora wa farar wutar oksijin uku, ta koma sinadarin da ba ya tashi kuma yana bin ruwa. A haɗa a buɗaɗɗen bokiti a yi amfani da shi nan take. Kada a kuskura a zuba a kwalba a rufe, iskar oksijin da yake fitarwa za ta fasa ta. A kiyaye ido, kuma yana iya koɗar da gashi da tufa.

Bagobiri_Maraɗi
Kanwa ba ta iya tsayawa wurin sodar?

Dakta_Asabe
Baba, akwai sodar a cikin kanwa, amma haɗe take da wani gishirin da ya fi ta kaifi, kuma ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan zuwa waccan. A kan daɓe ko tsumma ba laifi. A jikin dabba ko mutum ban ba da shawara ba.

Likitan_Dabbobi
Ƙarin bayani ga mutanenmu da ke can. Karen da aka fesa wa da yawa a fuska a sa masa ido kwana biyu zuwa uku, don an sami waɗanda sinadaran suka lalata musu jajayen ƙwayoyin jini. In dasashi ya canza launi ko fitsari ya yi duhu, a kai shi asibiti. Sannan dabbar tana cikin manyan masu ɗauke da cutar haukan kare a Amurka. Feshin ba ya yaɗa ta, cizo ne. Wadda aka gani tana tangaɗi da rana tsaka, ba ta gudun mutane, a kira hukuma.

Bala_Ningi
Madalla, na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Dakta, har yanzu biraina suna nan. Ana iya haɗa shi ko ba a iyawa?

Dakta_Asabe
Ana iyawa Malam Bala, amma ba a gida ba. A ɗakin gwaji ma ba kasafai muke haɗa irin waɗannan ba, saye muke yi. Na biyun nan, 3-metil-1-butantayol, kamfanonin sinadarai suna sayar wa jami'o'i da masana'antu. In an tsarma shi sosai a cikin mai zai ba da wani abu mai kama da warin. Na farkon ya fi wuyar samu, kuma ba ya jure ajiya, iska tana haɗe ƙwayoyinsa biyu-biyu su koma wani abu daban. Wanda yake son ainihin warin kuwa, da dawowarsa bayan ruwan sama, sai ya tara duka bakwai ɗin a ma'auninsu.

Hanyar haɗa tayol tana cikin kowane littafin aji biyu, kuma a takarda layi ɗaya ce. Ba zan rubuta matakanta a nan ba, ga dalilina. Kayan da ake shigar da farar wutar da su suna sakin iskar ruɓaɓɓen ƙwan nan, haidirojin salfaid, ita kuwa guba ce. In kaɗan ce hanci yana jin ta. In ta haura kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce, in ta ƙaru ya faɗi. Ita ce ke kashe masu yasar masai da masu shiga tsohuwar rijiya, har da wanda ya shiga ceto. Mu a cikin akwatin zuƙe hayaƙi muke aikin, da bahon bilic a gefe wanda duk abin da ya taɓa sinadarin za a tsoma a ciki. Duk da haka wanda ya yi aikin, a ranar ba ya shiga motar haya cikin daɗin rai.

A 1889 a Freiburg ta Jamus wasu masana sun yi ƙoƙarin haɗa wani ɗan uwan waɗannan, tayo'asiton. Warin ya bazu a gari, mutane suka yi ta amai da suma, aka dinga gudu. Ƙwararru ke nan.

Injiniya_Gas
Malam Bala, ɗan uwan warin da kake nema yana cikin kicin ɗinka in kana da tukunyar gas. Gas ɗin girki ba shi da wari a kan kansa, zuba masa itil makaftan ake yi da gangan, wato shi ne wanda Dakta ta ce yana tafasa a digiri 35. Ƙa'idar Amurka laba ɗaya ce a galan 10,000, ka ga ƙanƙantar abin. Manufa ita ce mutum ya ji wari tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na adadin da zai iya kama wuta ba.

Da jini aka koyi wannan darasi. Ranar 18 ga Maris 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Texas, ya fashe, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. A shekarar jihar ta kafa dokar sanya wari a gas, wasu suka bi. Kuma don ku ga nisan tafiyarsa, a Janairun 2013 makaftan ya tsiyaye daga wata masana'anta a Rouen ta Faransa, aka ji warin a Faris, aka ji shi har kudancin Ingila, mutane suka yi ta kiran 'yan kwana-kwana suna zaton bututun gidansu ne ya fashe.

Kada wani ya karanta wannan ya ce zai buɗe tukunya ya kori biri. Na faɗa ne don a san darajar warin.

Uwar_Gida_Tudunwada
Injiniya, gara da ka zo. Akwai lokacin da aka cika min tukunya a wani wuri, robar tana yoyo amma warin kaɗan-kaɗan nake ji, sai da na sa ruwan sabulu na ga kumfa. Ha'inci ne ko me?

Injiniya_Gas
Hajiya, zai yiwu ba a sa isasshe ba tun daga tushe, amma akwai wani dalilin. Tsatsar cikin tsohuwar tukunya, ko ƙarfen sabuwa fil da ba a taɓa cikawa ba, suna cinye makaftan ɗin, warin ya dushe gas kuwa yana nan. Ga kuma gajiyar hanci da Dakta ta faɗa. Gwajin ruwan sabulu da kika yi shi ne daidai. Ki tuna gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. In kin ji wari ki rufe kan tukunya, ki buɗe ƙofa da taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Ɗan_Columbus
Dawowa kan maganar Malam Bala. A nan ainihin ruwan ana sayar da shi a 'yan kwalabe a shagunan mafarauta. Masu ɗana tarko ne ke zuƙo shi da sirinji daga dabbar da suka kama. To amma ka san me suke yi da shi? Kira suke yi da shi, ba kora ba. Suna ɗiga shi a haɗin da suke sa wa tarko, don warin yana tafiya nesa cikin sanyi, dilolin can da karnukan daji su biyo su ga me ya faru. Abin da ke korar dabba shi ne a watsa mata a ido da hanci. Wari daga tsumma wani abu ne daban.

Sadiq_Injiniyan_Software
Ban yarda gaba ɗaya ba Yaya. Akwai wani man shafawa mai suna Skunk Shot da masana a Jami'ar Victoria ta Wellington a New Zealand suka haɗa, ƙasar da babu dabbar ma sam. Don korar karnuka da kyanwoyi daga lambu aka yi shi, daga baya 'yan sandan yankin Los Angeles suka riƙa shafa shi a kangaye don hana masu shaye-shaye zama. Ke nan tunanin Malam Bala ba shirme ba ne, wasu sun riga sun mai da shi sana'a.

Ɗan_Columbus
Kango rufaffen wuri ne ƙanena. Gona fili ce, ga iska ga rana.

Abu_Maryam
Tunda an zo maganar 'yan sanda, kada a manta da Falasɗinawa. Tun 2008 jami'an Isra'ila suke fesa wani ruwa mai wari daga motoci a Yammacin Kogin Jordan da Gabashin Ƙudus, kuma sunan wannan dabba suka sa masa. Ba kan masu zanga-zanga kaɗai yake sauka ba, har gidaje da shaguna, warin ya yi kwanaki. Dakta, sinadarin ɗaya ne?

Dakta_Asabe
Suna kawai suka ara. Kamfanin da ke yin sa ya ce da yis da bekin soda ake ruɓar da shi, kuma waɗanda aka fesa wa suna kwatanta shi da masai da mushe. Amma ka taɓo abin da ke sa ni taka-tsantsan da irin wannan tambaya. Malam Bala biri ne damuwarsa, na yarda da shi. Zauren nan kuwa mutum nawa ke karantawa? Wari makami ne na wulaƙanci, kuma mai asma yana iya mutuwa a rufaffen ɗaki saboda shi.

Malam_Na_Zaure
Dakta ta yi gaskiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, alhali halal ne cin su, saboda kawai kada ya cutar da mutane da wari. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. To ina ga wanda zai rataya abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba a kan iyakar gonarsa? Malam Bala, maƙwabcin gona yana da haƙƙi, mai wucewa ma yana da shi. In za ka gwada wani abu, ka fara shawartar su.

Bala_Ningi
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na karɓa. Sai dai maƙwabtan nawa su ma biran ne suka ishe su, da za a samu abin da ke aiki su za su fara roƙo na.

Malamar_Gona
To bari in sa baki a matsayina na malamar gona. Ba sai ka nemi na Amurka ba in dai warin farar wuta kake so. Magungunan korar barewa da ake sayarwa a can, da yawansu ruɓaɓɓen ƙwai ne da tafarnuwa. A Uganda, kusa da gandun dajin Murchison Falls, manoma suna jiƙa barkono da tafarnuwa da citta da ganyen darbejiya da ƙwai da kashin shanu, su bar shi ya ruɓe, su zuba a gorunan roba masu huda su rataya a igiya don korar giwaye. Duk kayan suna kasuwar Ningi. A buɗaɗɗen wuri za ka jiƙa, kada ka toshe bakin jarka.

Amma kada in yaudare ka. Giwa da barewa da hanci suke rayuwa. Biri da ido yake aiki, ga wayo. Zai tsaya a kan dutse ya lura, ran da ya gane tsumman ba ya cizo shi ke nan. Abin da na ga yana rage ɓarna shi ne manoma su haɗu su yi karɓa-karɓar tsaro a makonnin da masara ta yi goyo zuwa girbi, a sare sarƙaƙiyar da ke tsakanin dutse da gona don su rasa maɓoya, a kuma sa abin da ba sa so, kamar barkono, a layukan bakin dutse. Sannan ka kula da gyaɗarka. Tayol mai son maiƙo ne, in ya taɓa ta ba mai sayenta.

Sadiq_Injiniyan_Software
Duk da haka ni ina ganin a gwada. Gefe ɗaya a rataya, gefe ɗaya a bari, a ƙirga ɓarnar kowanne. In bai yi ba an san bai yi ba.

Bagobiri_Maraɗi
Birin dutse ba a yi mishi dabara ɗaya sau biyu. Amma ku gwada, ku ba mu labari.

Ɗalibin_Samaru
Dakta, ni wani abu ya tsaya min. Shi bodarinmu na gida, sinadaransa irin na Amurkan ne? Ina neman abin da zan yi aikin kammala digiri a kai.

Dakta_Asabe
Farar wuta ce shi ma, amma danginsu, irin su mink da feret, sun fi fitar da ita a ɗaure cikin ɗan zobe mai kusurwa huɗu, ana kiransu tayetan. Tambayar tana da kyau, sai dai ta fi ƙarfin aikin wata uku na ɗalibi shi kaɗai. Kana buƙatar na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna nauyinsu, da izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji, da likitan da zai sa wa dabbar maganin barci ya ɗebi ruwan ba tare da an kashe ta ba. Samfurin kuma a ƙaramar kwalbar gilashi mai matsattsen murfi, cikin ƙanƙara, a auna shi da wuri, in ba haka ba abin da iska ta canza za ka auna. Ka kai wa malaminka maganar, in ya amince ka turo min saƙo in nuna maka inda za ka fara karatu.

Likitan_Dabbobi
In an kai nan a sanar da ni, ɓangaren maganin barcin zan iya taimakawa. Kamun kuma sai da tarkon akwati, ba na ƙarfe mai kama ƙafa ba, kuma duk wanda zai taɓa dabbar ya fara yin allurar rigakafin haukan kare. Baba Bagobiri, a wane lokaci na shekara aka fi ganinsu a wajenku?

Bagobiri_Maraɗi
Bayan girbi, sa'ad da ɓeraye sunka taru gindin rumbuna. Ku zo da kaka, akwai yaran da sunka san ramukansu.